Rawanin Baƙo: Yadda Gari Yake Mayar da Mutum Ɗansa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan fadamar Miga ya san yadda baƙo yake shigowa gari. Yakan iso da la'asar sakaliya, ƙunshin kayansa a ka ko a bayan babur, ya zarce masallaci. Idan aka idar da magariba sai ya miƙe ya yi sallama, ya faɗi garin da ya fito da abin da ke tafe da shi: ko su ya zo yi, ko ƙodagon yankan shinkafa, ko neman gonar aro don noman rani. Wani dattijo zai ce masa, "Taso mu je wurin mai unguwa." Kafin a kira isha'i an share masa zaure, an shimfiɗa tabarma, an kawo tuwo. Daga wannan dare ya sami mai masauki, mutumin da za a yaba wa idan baƙon ya yi abin kirki, a kuma tuhume shi idan ya yi ɓarna.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya ɗauke. Amma akwai baƙon da hantsi yake yi bai tafi ba. Damina ta zo ta wuce, ya yi gida, ya yi aure, ya binne nasa a maƙabartar garin. To, yaushe irin wannan mutum yake daina zama baƙo? Wa yake da ikon ya miƙe a bainar jama'a ya ce daga yau wane namu ne? Turawan Ingila suna da wani tsohon biki na amsa wannan tambaya, wanda suke kira ba da 'yancin birni. Mu kuma muna da rawani. Idan aka jera al'adun biyu aka bi su daki-daki, za a ga abin da gari yake bayarwa idan ya karrama mutum, da abin da yake jinginarwa.

Ganuwa da ƙofa

Abin ya samo asali ne daga ganuwa. A Turai ta shekaru ɗari bakwai zuwa ɗari takwas da suka wuce, yawancin mutanen karkara a ɗaure suke da ƙasar wani ubangida. Manomi yana yi masa noman gandu, ba ya barin ƙasarsa sai da izini. Birane kuwa sun samo takardar izini daga sarki, wadda ta ba su damar tafiyar da kasuwarsu da shari'arsu. A wasu sassan Turai har al'ada ta kafu cewa talakan da ya gudo birni ya yi shekara guda da kwana ɗaya ba a zo an kama shi ba, ya kuɓuta ke nan daga hannun ubangidansa.

Sai dai zama a cikin ganuwa daban, zama cikakken ɗan birni daban. Cikakken ɗan birni shi ne wanda aka rubuta sunansa a littafin 'yantattu. Shi ke da ikon buɗe shago da sunansa, ya saya ya sayar ba tare da biyan kuɗin da ake karɓa a hannun baƙi ba, ya ɗauki yara koyon sana'a, ya sa baki a zaɓen masu riƙe da gari. A madadin haka yana biyan haraji, yana shiga tsaron gari, yana rantsuwar biyayya ga hukumar birnin. A Landan ana danganta farkon rubuta irin wannan 'yanci da shekarar 1237. Hanyoyin samunsa uku ne: ko mutum ya gada daga ubansa, ko ya yi koyon sana'a a hannun wani 'yantacce, galibi shekara bakwai, ko ya biya kuɗi ya saya.

Bahaushe ba zai ji wannan labari baƙo a kunnensa ba. An fara gina ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, kuma kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, wanda a da yake buɗewa da safe ya rufe da dare, yana sane da mai shiga da mai fita. Ayarin fatake da dare ya yi wa a hanya sai ya kwana a waje ya jira gari ya waye. Haɗeja ma birni ne mai ganuwa da ƙofofi, kuma mutanenta sun san bambancin wanda aka buɗe wa ƙofa da wanda ya shigo da ƙarfin tsiya. A watan Afrilu na 1906 rundunar Turawan mulkin mallaka ta faɗa wa birnin, Sarkin Haɗeja Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka yi gumurzu a cikin gari har ya rasa ransa tare da jama'arsa masu yawa. Wanda ya san wannan tarihi zai gane dalilin da ya sa har yau babbar karramawar da birnin Ingila yake yi wa rundunar soja ita ce ya ba ta izinin ratsa titunansa da ganga da tuta da banati a bakin bindiga. Ma'anar ita ce: mun amince da ku har mun bar ku ku shigo mana da makami.

Yadda haƙƙi ya koma girmamawa

A ƙarni na 19 birane suka tumbatsa suka wuce ganuwarsu, dokokin kasuwanci suka sauya, kowa ya sami damar yin sana'a ba sai da sunansa a littafin 'yantattu ba. Amfanin 'yancin birni ya tafi, martabarsa ta tsaya. A 1885 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar da ta ba garuruwa ikon ba da shi don girmamawa ga fitattun mutane da waɗanda suka yi wa gari hidima ta musamman. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta shimfiɗa ƙa'idar da ake bi a Ingila: sai an kira zama na musamman na majalisar gari, sai kuma kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a sun yarda. Mutum ɗaya, komai girman kujerarsa, ba ya iya bayarwa shi kaɗai.

A Landan ana yin bikin a zauren Guildhall. Mutum ya karanta alƙawari, ya sa hannu a littafi, a miƙa masa shaida da aka rubuta a kan fata, da wani ɗan littafi na ladubban zaman duniya. Akwai ragowar tsofaffin haƙƙoƙi da ake tunawa da su don raya tarihi, kamar kora tumaki a kan gadar kogin Thames, wanda a da yake nufin shiga kasuwa da dabbobi ba tare da biyan kuɗin gada ba. A Amurka kuwa magajin gari yakan miƙa wa baƙo mabuɗin birni, wato alamar makullin tsohuwar ƙofa.

Kada a ɗauka tunda amfanin ya tafi abin ya zama wasa. A 1981 birnin Glasgow ya ba Nelson Mandela 'yancin birni, alhali yana tsare a kurkukun tsibirin Robben, a lokacin da manya da yawa a Turai suke gudun a haɗa sunansu da nasa. A 1986 birnin ya sauya wa wani dandali suna zuwa na Mandela, kuma a wannan dandalin ne ƙaramin ofishin jakadancin Afirka ta Kudu yake a lokacin. An sako shi a 1990, ya je Glasgow da ƙafarsa a watan Oktoba na 1993 ya karɓi karramawar. Glasgow ba ta da ikon buɗe ƙofar kurkuku, amma tana da suna, kuma ta aza sunan a kan mutumin da aka ɗaure. Wannan shi ne ƙashin bayan al'adar: gari yana ba da shaida.

Matakalar da baƙo yake hawa a ƙasar Hausa

A wurinmu zama ɗan gari hawa-hawa ne, kamar matakalar soro. Matakin farko shi ne masauki, wanda muka gani a zauren mai unguwa. Na biyu shi ne aro: a ba baƙo gona ya noma, idan kaka ta yi ya kai wa mai gona ɗan abin da ya sawwaƙa don a san aro ne. Na uku shi ne fili, ranar da dagaci ko bulama ya nuna masa inda zai kafa gidansa. Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne aure. Ranar da dattawan gari suka karɓi goron baƙo suka ba shi 'yarsu, an gama magana, domin 'ya'yan da za a haifa suna da kawunai a garin. A kowane mataki ana kallon mutum: yana zuwa jana'iza? Yana fita aikin gayya? Idan an ba shi amana yana mayarwa? Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mataki na biyar shi ne sarauta, kuma tarihinsa yana da tsawo. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, aka karɓe su aka damƙa musu limanci da sauran ayyukan addini. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya sauka a Kano, kuma har yau unguwar Sharifai tana nan da masu danganta kansu da shi. Sunayen unguwannin birnin kansu rajista ce ta baƙin da suka zama 'yan gida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga zuriyar Agalawa ya fito, mutanen da asalinsu ke wajen Azbin, amma yau ba wanda zai ce gidan Ɗantata ba Kanawa ba ne.

Hikimar da ke ciki ita ce, idan baƙi suka yi yawa sai sarki ya naɗa ɗaya daga cikinsu ya zama bakinsu a fada, ya kuma zama idon fada a cikinsu. Daga nan aka sami Sarkin Fulani, Sarkin Zango, Sarkin Baƙi. Hausawa ma sun ci gajiyar wannan tsari a ƙasashen wasu, shi ya sa ake da Sarkin Hausawa a garuruwan kudancin Najeriya da Sarkin Zango a biranen Ghana. Tsarin bai mutu ba: a watan Afrilu na 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa ɗan China, Mike Zhang, a matsayin Wakilin 'Yan China na Kano. A fadamarmu kuwa, inda masunta da makiyaya da 'yan ci-rani suke haɗuwa a bakin ruwa ɗaya, Sarkin Ruwa da Sarkin Noma da Sarkin Fulani su ne suke kashe wutar rigima tun tana hayaƙi.

Wane irin rawani?

Ya kamata a rarrabe, domin ba kowane rawani ne na girmamawa ba. Akwai sarautun 'ya'yan sarki. Akwai na gidajen da suka gaji zaɓen sarki, kamar Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta a Kano. Akwai na bayin sarki, da na malamai, da na masu sana'a. Akwai hakimi mai riƙe da ƙasa, da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsa. Tsarin yana bambanta daga masarauta zuwa masarauta. A Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, masarautu biyar ne: Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Miga tana ƙarƙashin Dutse, tare da Jahun da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram, ko da yake ruwa da kasuwa da auratayya sun ɗaure ta da ƙasar Haɗeja.

Sarautar girmamawa ita ce wadda ba ta da ƙasa, ba ta da talakawa, kuma ba dole ba ne ɗa ya gaji ubansa a kanta. Ita ce 'yar'uwar 'yancin birni na Turawa. Wani lokaci ɗan gida ake ba, don a ce masa mun ga abin da ka yi. Sunan Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, ya narke da Ɗanmasanin Kano har mutane da yawa da sarautar kaɗai suke kiransa, domin ilimi da fasahar magana da ta nuna suna tare da shi. Wani lokaci kuma mutumin nesa ake ba. A watan Fabrairu na 2022 Sarkin Daura Umar Faruk Umar ya naɗa Rotimi Amaechi, mutumin jihar Ribas, wanda a lokacin yake ministan sufuri, sarautar Ɗan Amanar Daura, bayan an kai jami'ar sufuri garin, an kuma fara aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta can, layin da aka tsara masa reshe zuwa Dutse.

Yadda ake naɗi

Naɗi yana farawa tun kafin a ga rawani. Wani na kusa da fada, ko hakimi, ko dattawan wata al'umma, su kai sunan mutum. Sarki ya shawarci 'yan majalisarsa, a bincika asalin mutumin da sana'arsa da zamansa da jama'a. Idan an gamsu sai a aika masa da takarda. Wanda ya kai albishir yana da tukuici. Shi kuma ya ɗauki manyansa su je godiya, a sa rana.

Ranar naɗi ƙofar fada takan cika tun hantsi. Dogarai cikin ja da kore suna gyara hanya, algaita tana tashi, maroƙa suna kirari, dawakai sun sha ado suna haniniya a gefe. A shigo da wanda za a naɗa ya zauna a ƙasa, komai kuɗinsa, komai muƙaminsa a gwamnati. Masu naɗi su kewaye shi, su zura masa riga, su ɗora hula, su shiga naɗa rawani falle-falle har ya zauna daram, a ja wani sashe a rufe haɓa. Sai a tashe shi a kai shi gaban sarki ya zube ya yi gaisuwa. Shi ba ya doguwar magana. Fadawa ne suke ɗaga murya a madadinsa suna cewa godiya yake, biyayya yake, su kuma mayar masa da cewa sarki ya gaishe shi. Sarki ya yi masa nasiha a taƙaice: ya riƙe amana, ya ji tsoron Allah, ya taimaki na ƙasa da shi. Liman ya yi addu'a, a shafa. Yana fitowa a riƙe masa linzami ya hau, jama'arsa su raka shi gida da kiɗa.

Abu uku suka sauya a wannan safiya. Na farko suna: daga yau ba a kiransa da sunan yanka, sai da sarautar, kuma sarautar tana ɗauke da sunan gari a jikinta. Na biyu wurin zama: yana da gurbinsa a fada da kuma a jerin hawan salla. Na uku nauyi: ƙofar gidansa ta zama ta jama'a. Mai neman aiki, mai mara lafiya a asibiti, masu ginin masallaci, duk za su zo, kuma ba shi da damar cewa ba ruwansa. Wanda ya zauna a ƙasa aka naɗa shi ya amsa cewa akwai wanda ya fi shi, ya kuma amsa cewa gari yana da haƙƙi a kansa.

Abin da gari yake jinginarwa

Tunda karramawa shaida ce, gari yana iya yin shaidar da za ta dawo ta dame shi. Birnin Oxford ya ba Aung San Suu Kyi ta ƙasar Myanmar 'yancin birni a 1997, lokacin tana fafutukar neman dimokuraɗiyya a ƙarƙashin mulkin soja. A 2017, tana jagorantar gwamnati, sojojin ƙasar suka afka wa Musulmin Rohingya, fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh, ita kuwa ta ƙi fitowa ta yi tir da abin. A watan Nuwamba na shekarar Oxford ta ƙwace karramawar, Glasgow da Dublin ma suka yi haka. Tun kafin nan, a 1980, an miƙa wa Saddam Hussein na Iraƙi mabuɗin birnin Detroit na Amurka bayan kyautar kuɗi da ya yi wa wata majami'a a can, abin da har yau ake tuna wa birnin.

Mu ma mun ga namu. A watan Yuli na 2022 Sarkin 'Yandoton Daji a jihar Zamfara ya naɗa Ado Aleru, wanda jami'an tsaro suke nema bisa zargin jagorantar 'yan bindiga, sarautar Sarkin Fulani. Masu kare naɗin sun ce neman sulhu ne. Jama'a kuwa suka ɗauki abin da zafi, gwamnatin jihar ta dakatar da sarkin nan take. Abin da ya harzuƙa mutane shi ne sun san ma'anar rawani: duk wanda aka ɗora wa, an ce da matasan gari ga abin koyi.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba ta kai wannan ƙara ba amma ta fi yaɗuwa, wato yawaitar naɗi idan zaɓe ya ƙarato, da ba da sarauta ga wanda garin bai taɓa ganin ƙeyarsa ba sai ranar bikin. Kyauta ga fada tsohuwar al'ada ce, kuma yaba kyauta tukuici. Amma idan kyautar ta riga aikin, rawani ya zama kayan aro, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Kowane naɗin da bai cancanta ba yana rage darajar waɗanda suka cancanta, na baya da na gaba. Shi ya sa ƙa'idoji uku suke da muhimmanci: aiki ya riga rawani, shawara ta riga sanarwa, kuma a bar ƙofar warwarewa a buɗe idan mutum ya ci amanar sunan da aka ara masa.

Rawani da takarda

Akwai wurin da rawani ba ya kaiwa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so, a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali, a sashe na 42, ya kuma ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina, a sashe na 43. Amma tsarin raba muƙamai da guraben karatu da ɗaukar aiki tsakanin jihohi ya sa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ta zama ita ce sabuwar ƙofar gari. Mai unguwa da dagaci da hakimi su tabbatar, ƙaramar hukuma ta buga hatimi, kuma abin da ake tambaya shi ne inda uba ko kaka ya fito. Ta haka babban mutum zai iya zuwa daga nesa ya karɓi rawani a yini ɗaya, alhali talakan da ya shekara arba'in a gari ɗansa yana tsaye a bakin ƙofa.

Na san wani masunci a wani ƙauye na bakin kogi, wanda ya zo daga ƙasar Kabi tun ina yaro, da kwale-kwalensa da komarsa. Ya hau matakalar nan duka: masauki, aro, fili, aure. Mutanen fadama sun san halin kogin Haɗeja, musamman tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Sun ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gonaki da gidaje. A wata shekarar ambaliya jinga ta ɓalle da tsakar dare, ruwa ya shigo gari. Mutumin nan ya kwana uku yana jigila tsakanin ƙauyen da tudu. Na gan shi da idona a tsaye a ƙarshen jirgin, gora a hannu, rigarsa ta manne a jiki, ya ɗauko wata tsohuwa da jikokinta da akuya biyu da buhun gero. Da wani ya miƙa masa kuɗi sai ya ce, "Haba, Alhaji, ai ni ma gidana ne ya ci." Bayan shekaru, ɗansa ya nemi takardar asali don shiga makaranta, aka yi ta yi masa je-ka-ka-dawo, domin an ce uban ba ɗan nan ba ne. Sai da dattawan garin suka tashi suka je da kansu suka tsaya masa.

Abin da ke hannunmu

Gyaran dokar asali aiki ne na majalisun dokoki, kuma ya kamata a yi ta kira a kai. Amma akwai abin da ke hannun gari tun yanzu. Hakimi da dagatai da majalisar ƙaramar hukuma suna iya ware rana ɗaya a shekara, bayan an kai amfanin gona gida, a karrama mutum biyu ko uku da suka yi wa jama'a hidima, ɗan gida ne ko zuwa ya yi. A bar unguwanni su kawo sunaye, daga Hantsu zuwa Zareku, daga Tsakuwawa zuwa Sansani. A tantance a fili, a faɗi aikin da mutum ya yi dalla-dalla a gaban jama'a, a rubuta shi a littafin da za a ajiye. Kada a karɓi ko kwabo a hannun wanda za a karrama. Malamin firamare da aka turo daga wata jiha ya ƙi neman canji, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, makiyayin da ya hana faɗa a burtali, duk su shiga lissafi. Wanda ya dace da rawani a kai sunansa fada. Wanda bai nemi sarauta ba, riga da takarda da addu'ar liman a gaban jama'a sun ishe shi. Kuma duk wanda gari ya shaida a fili cewa nasa ne, dattawa su tsaya wa 'ya'yansa ranar da za a tambaye su asali.

Ganuwar yawancin garuruwanmu ta zaizaye, ƙofofin da suka rage ba a rufe su da dare. Amma kowane gari yana nan da ƙofarsa a bakin mutanensa, a cikin kalmar "namu ne" da kalmar "baƙo ne". Masuncin nan ya tsufa, ɗansa ne yake tuƙa jirgin yanzu. Har yau idan an idar da magariba yana zaune a sahun gaba, kuma idan sabon baƙo ya miƙe ya yi sallama ya faɗi garin da ya fito, sau da yawa shi ne yake riga kowa cewa, "Taso mu je wurin mai unguwa."